Manhajar karatun ƙwaƙwalwa ta ƙi buɗewa a kwamfuta, ina mafita?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Taimako nake nema. Ina shekara ta biyu a karatun jinya, kuma wannan zangon muna kan ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi. Akwai manhajar da nake karatu da ita a waya. Tana nuna ƙwaƙwalwa yadda mutum zai juya ta ta kowace fuska, ya yaye na sama ya ga na ciki, ga kuma tambayoyin gwaji a ƙarshen kowane darasi. Damuwata ita ce allon wayata ƙarami ne. Da na taɓa wani sashe sai sunansa ya fito ya rufe abin da nake son gani, musamman ƙananan sassan nan na can ciki kusa da talamus, wani sashe da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. In na daɗe har ruwa idona yake yi. Na tura fayil ɗin manhajar zuwa laftof ɗina ta kebul, na danna ya fi sau goma, sai dai ta yi ta tambayata da me za a buɗe shi. Windows 10 ce, RAM ɗinta giga 4. Saura mako uku jarrabawa.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ko sau dubu kika danna ba zai buɗe ba, kuma ba laifin laftof ɗin ba ne. Fayil ɗin da kika tura APK ne, Android kaɗai ke gane shi. Abin da ake yi shi ne a sa wa kwamfutar wata manhaja da ke kwaikwayon waya a cikinta, ita muke ce wa imuleta. Sanannu su ne BlueStacks da LDPlayer da MEmu da NoxPlayer. Ki sauke ɗaya daga shafin kamfaninta, ki girka, ki buɗe Play Store a ciki, ki shiga da asusunki na Google, ki nemo manhajar ki sauke kamar yadda kike yi a waya. Ba ma sai kin yi amfani da fayil ɗin da kika tura ba. Amma in faɗa miki tun yanzu, giga 4 shi ne mafi ƙanƙantar abin da BlueStacks 5 ke nema. Za ta tashi, sai dai kar ki sa ran gudu.

Sabon Shiga:
Ai ba sai an sha wannan wahalar ba. Ta koma Windows 11 kawai, ita tana buɗe manhajojin waya kai tsaye.

Mai Gyaran Kwamfuta:
A da kenan ɗan'uwa. Wannan tsarin da ke bi ta Amazon Appstore, Microsoft ta daina tallafa masa tun 5 ga Maris 2025. Akwai kuma Google Play Games na kwamfuta, amma shi na wasanni ne. Masu Chromebook su ne ke da Play Store a cikin kwamfutarsu tun asali. Masu Mac kuma, daga M1 ta 2020 zuwa sama, suna iya sauke wasu manhajojin iPhone da iPad in mai manhajar ya bar ƙofar a buɗe. Ita babu ko ɗaya da ya shafe ta.

Tsohon Malamin Anatomi:
'Yata, kafin ki ɗora wa kwamfutarki kayan da ya fi ƙarfinta, me kike nema takamaimai, wannan manhajar ko kuwa ganin ƙwaƙwalwa a babban allo? In na biyun ne, burauzarki ta wadatar. Shafin BrainFacts.org, na ƙungiyar masana ilimin jijiyoyi da ke Amurka, yana da ƙwaƙwalwar da ake juyawa da linzamin kwamfuta, a taɓa sashe bayaninsa ya fito a gefe. Jami'ar Kolorado tana da shafin PhET, a ciki akwai kwaikwayon ƙwayar jijiya inda za ki ga sodiyum na kutsawa ciki, fotasiyum na fita, har ki ga yadda cajin ke tashi daga wajen milibolt 70 ƙasa da sifili ya haura ya dawo. In kuma yankakkun hotuna na ainihi kike so, cibiyar Allen da ke birnin Siyatil na Amurka ta baje taswirarta ta ƙwaƙwalwa ga kowa. Duk waɗannan don babban allo aka gina su tun farko.

Ɗalibar Jinya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Zan duba su yau ɗin nan. Sai dai manhajar nan na yi wata biyu a kanta. Ta san tambayoyin da nake faɗuwa, tana dawo mini da su bayan kwanaki, kuma duk 'yan bayanan da nake rubutawa suna ciki. Jijiyoyin kai guda 12 ma a nan na haddace su. Ba na son in bar ta ana saura mako uku.

Ɗan Linux:
To in haka ne imuleta ma ba za ta yi miki abin da kike so ba sai in manhajar tana ajiye karatunki a asusu. In a cikin wayar take ajiyewa, sabuwa fil za ki samu a kwamfuta, babu tambayoyin da kika faɗi, babu rubutunki. Shawarata ki bar manhajar inda take, ki jawo allon wayar zuwa kwamfuta. Akwai scrcpy, kyauta ce, kamfanin Genymobile ya sake ta a GitHub. Wayar ce ke yin aikin gaba ɗaya, kwamfuta hoto kawai take nunawa, kina sarrafa wayar da linzami da madannai. Giga 4 ya yi mata yawa ma. Ki shiga Settings na wayar, ki je About phone, ki taɓa Build number sau 7, Developer options zai bayyana, ki kunna USB debugging. Ki haɗa kebul, ki buɗe scrcpy, wayar za ta tambaye ki ko kin yarda da wannan kwamfutar, ki ce e. Shi ke nan. Tana aiki daga Android 5 zuwa sama, sauti kuma sai Android 11.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Malam, ka sake karanta kukanta. Cewa ta yi suna yana rufe mata sashe. In ka jawo allon waya, hoton nan dai ka faɗaɗa. Sashen zai yi girma, sunan ma zai yi girma, rufewar tana nan yadda take. Imuleta kuwa ana iya ce mata ta zama babbar tablet, a ba ta allo mai 1920 a 1080, a rage DPI, wato saitin da ke ƙayyade girman abubuwa a allo. Manhajar za ta ɗauka a kan tablet take, rubutu ya ƙanƙance, fili ya buɗe, wasu ma sukan mayar da bayanin gefe guda. Jawo allon waya kawai ba ya yi maka wannan.

Ɗan Linux:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ai a wayar ma akwai wurin rage girman rubutu da girman allo. Ta rage su, ta kwantar da wayar, abin da ya yi mata ƙanƙanta a hannu zai karantu sarai a kwamfuta. Abin da nake gudu shi ne wannan. Windows da kanta ta riga ta cinye kaso mai yawa na giga 4 ɗin nan, sannan ka ɗora Android sukutum a kai, sannan hoton da ake juyawa. Kuma yawancin manhajojin waya don furosesar ARM aka gina su, ta laftof ɗinta kuwa Intel ce ko AMD. In mai manhajar bai yi wa irin wannan furosesar tanadi ba, sai imuleta ta riƙa fassara umarni tana tafiya. Nauyi kan nauyi kenan.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Ta gwada dai. Gani ya kori ji.

Ɗalibar Jinya:
Yaya, na gwada ɗaya daga cikin imuletocin. Ta girku lafiya, amma in na buɗe sai ta tsaya tana lodi, ta kusa ƙarshe sai ta maƙale. Wani saƙo ya fito yana maganar virtualization. Me ake nufi?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Na yi zaton haka. Wata dama ce a cikin furosesa da ke barin kwamfuta ta riƙe wata kwamfutar a cikinta, kuma wasu na'urorin a kashe take zuwa. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ki je Performance, ki zaɓi CPU, ki duba ƙasa ta dama. In kin ga Disabled sai an shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Ki kashe kwamfutar, ki kunna, tana tasowa ki yi ta danna F2 ko F10 ko Del ko Esc, ya danganta da ƙirarta. A ciki ki nemi Intel Virtualization Technology, in AMD ce kuma SVM Mode ko AMD-V. Ki mayar da shi Enabled, ki adana, ki fita. Don Allah wannan layin kaɗai za ki taɓa. In kin ga abin da ba ki gane ba, ki ɗauki hotonsa da waya ki turo kafin ki danna komai.

Uwar Ɗalibi:
Ku yi haƙuri in sa baki. Ɗana ya so yin irin wannan bara da wata manhajar kimiyya. Ya rubuta sunanta a intanet ya haɗa da kalmar PC, shafuka suka fito rututu kowanne yana cewa ga ta nan ta kwamfuta. Ya sauke wani fayil, manhaja ba ta zo ba, sai tallace-tallace suka cika burauzar, shafin farko ma ya canza da kansa. Sai da aka goge kwamfutar gaba ɗaya, aikin makarantarsa na zango guda ya tafi. Har yanzu abin yana yi mini ciwo. Ki kula 'yar nan.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Sannu Hajiya. Irin wannan ina ganinsa kullum. Shafukan nan kashi biyu ne. Masu sauƙin cikinsu dogon rubutu ne kawai da zai ƙare da cewa ka sauke imuleta. Sauran kuwa fayil ɗin exe za su ba ka da sunan manhajar, alhali mai manhajar bai taɓa yin ta kwamfuta ba. In akwai ta kwamfuta ta gaskiya, a shafin mai ita za a gani, ko a Microsoft Store. Kuma ko imuleta ta gaske ba a sakin jiki da ita. A farkon 2021 kamfanin tsaro na ESET ya bayyana cewa an kutsa hanyar da NoxPlayer ke aika sabuntawa, aka tura wa wasu 'yan tsirarun mutane muguwar manhaja ta nan. Shi ya sa nake ce wa mutane su buɗe wani asusun Google na daban don imuleta, kar su sa wanda ke riƙe da hotunansu da saƙonninsu. In dole sai da babban asusun, saboda da shi aka sayi manhajar, to a kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Ɗalibar Jinya:
Alhamdu lillah ta tashi bayan na kunna abin a BIOS. Manhajar ta sauka, darussa da tambayoyi suna buɗewa. Amma wurin ƙwaƙwalwar baƙi ne ƙirin, sunaye kawai ke yawo. Fankar laftof ɗin kuma sai kuka take. Sannan maganar Yaya Ɗan Linux ta tabbata, daga darasin farko ta mayar da ni.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Baƙin allon matsalar zane ce. Shiga saitin imuletar, wurin Graphics, in yana kan OpenGL ki mayar DirectX, in yana kan DirectX ki mayar OpenGL, ki kashe ta ki sake kunnawa. Ki sabunta direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin, daga shafin Intel ko AMD. Ki rufe burauza kafin ki buɗe ta. In duk an yi bai fito ba, to na sallama, ki bi hanyar abokina.

Tsohon Malamin Anatomi:
Ina karanta ku tun jiya, kuma akwai abin da ke damuna. Kwana biyu kenan 'yar nan ta kashe a kan BIOS da direba, cikin kwana 21 da suka rage mata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma abin da ke kayar da ɗalibai ba ƙanƙantar hoto ba ne. Ɗalibi zai nuna maka hifokamfus, wani sashe na ƙwaƙwalwa, a hoto mai launi ba gargada, saboda manhaja ta shafa masa shuɗi ko kore. Ka miƙa masa hoton asibiti na MRI fari da baƙi, sai ya rasa inda yake. Ƙwaƙwalwa ta gaske ba ta da waɗannan launukan, ba ta da layin da ya raba wannan sashe da wancan. Ga kuma dama da hagu. A yankakken hoton asibiti, daman majinyaci yana hannun hagun mai kallo ne, kamar kana tsaye ta wajen ƙafafunsa kana dubansa. Wanda ya saba juya ƙwaƙwalwa yadda ya ga dama da ɗan yatsa, nan yake rikicewa. Ni abin da nake sa ɗalibaina shi ne takarda da fensir. Ki zana hanyar umarnin motsi tun daga ɓawon ƙwaƙwalwa, ki sauko da ita ta intanal kafsul, siririyar hanyar zaruruwa a can ciki, ki kai medula a gindin ƙwaƙwalwa inda mafi yawan zaruruwan ke tsallakawa ɗaya ɓarin, ki shigar da ita laka. Ki zana sau biyar ba tare da kin duba ba. Cajal, masanin jijiyoyin da ya raba kyautar Nobel da takwaransa Golgi a 1906, da hannunsa ya zana ƙwayoyin jijiya, kuma har yau zanensa na cikin littattafai.

Mai Gashin Ƙashi:
Allah ya gafarta Malam, a ba ni dama in ɗan saɓa. Ni da masu shanyewar ɓarin jiki nake aiki kullum. A makaranta na zana hanyar nan har na gaji, na ci jarrabawa da ita, amma a kaina shimfiɗaɗɗiya ce kamar taswira. Ban gane yadda intanal kafsul ke ratsawa tsakanin talamus da kaudet ta ciki, da futamen da gulobus falidus ta waje ba, sai ranar da na juya ta a babban allo, na cire sassan ɗaya bayan ɗaya. Ranar na fahimci dalilin da ɗan ƙaramin toshewar jini a wurin yake kwantar da hannu da ƙafa da fuska lokaci guda, domin zaruruwan duk sun matsu a ɗan siririn wuri. Haka serebelum, sashen da ke bayan ƙwaƙwalwa ta ƙasa. A waya kamar ɗan ƙullutu ne a baya, alhali cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwa, wajen biliyan 69 a nan suke. Sai an faɗaɗa an ga yadda ninkinsa ya yi sirara kusa da kusa kafin abin ya zauna. Don haka ban ga laifin ƙanwar nan ba da ta nace sai ta gani da kyau.

Tsohon Malamin Anatomi:
Ban ce ta yi laifi ba ɗana, kuma maganarka a kan kafsul ɗin na karɓe ta. Wannan wurin takarda ba ta iya nuna zurfinsa. Abin da nake cewa, ta gani, ta rufe allon, ta zana. In ta kasa ta sake buɗewa. Wanda ya tsaya a kallo kawai yakan ɗauka ya iya, sai an ɗauke hoton.

Mai Gashin Ƙashi:
A nan kam muna tare Malam.

Malamin Bayoloji:
Tunda ana maganar, ni ma ina da tambaya. Ina son nuna wa 'yan ajina ta majigi. Na ga wata na'ura, SpikerBox ta kamfanin Backyard Brains, da ake manna wa mutum a hannu a ga wutar tsokarsa a allo. Manhajarta za ta yi aiki a imuleta?

Ɗan Linux:
Kar ka bi ta nan Malam. Duk manhajar da ke buƙatar na'urar da ake jonawa ta USB ko Bluetooth, imuleta takan kasa ganin na'urar. Amma ka yi sa'a, Spike Recorder tana da ta Windows da ta Mac, a shafinsu take. Ita za ka girka kai tsaye. Manhajar koyon sassan jiki ta Complete Anatomy ma tana da ta kwamfuta, Anki ta bitar karatu ma haka. Shi ya sa kullum abin farko shi ne a leƙa shafin mai manhajar.

Sabon Shiga:
Wai irin manhajojin nan da gaske suna ƙara wa mutum kaifin basira?

Tsohon Malamin Anatomi:
Abu biyu ka haɗa. Tata tana koyar da sassan ƙwaƙwalwa ne, kamar littafi. Masu cewa wasanninsu na ƙara basira daban ne. A 2016 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin da ke da Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda tallan da ya yi alƙawarin da ba shi da isasshiyar hujja a kansa.

Ɗalibar Jinya:
Ga inda aka kwana. Na canza Graphics, hoton ya fito, amma in na juya sai ya riƙa tsalle yana tsayawa. Na cire imuletar. Na koma scrcpy, da farko ta ce ba ta ga waya ba, na yi ta fama, ashe kebul ɗin na caji ne kawai. Da na canza wani nan take allon ya fito. Na rage girman rubutu a waya, na kwantar da ita. Sunayen ba su daina rufe wasu wuraren ba gaba ɗaya, amma yanzu ina ganin kaudet da futamen daban-daban, kuma karatuna na wata biyu yana nan. Wurin da ya ƙi, sai in buɗe BrainFacts a gefe. Abu ɗaya ya rage, yaya ake matso da hoto, tunda babu yatsa biyu?

Ɗan Linux:
Riƙe Ctrl, ki danna linzami ki ja. In kin gama karatu ki kashe USB debugging ɗin, kar ki bar shi a kunne kina jona wayar a ko'ina.

Tsohon Malamin Anatomi:
To madalla. Rufe allon ki amsa mini. Majinyaci ya samu toshewar jini a intanal kafsul na hagu. Wane ɓari ne zai yi rauni, kuma me ya sa?

Ɗalibar Jinya:
Ɓarin dama Baba, hannu da ƙafa da fuska. Wurin da abin ya faru yana sama da medula, zaruruwan ba su kai ga tsallakawa ba tukuna, su ne za su je su yi wa dama aiki.

Tsohon Malamin Anatomi:
Daidai. Amma in kika ce masa ya ɗaga gira, za ki ga goshinsa ya tattare ta ɓari biyu, bakin ne kawai ya karkace. Me ya hana goshin shanyewa?

Ɗalibar Jinya:
Wannan ban sani ba tukuna. Jijiya ta 7 ce dai ke motsa fuska. Bari in bi hanyarta daga sama in zana, zan turo hoton takardar gobe in Allah ya kai mu.